Mai Taje Bakin Kogin Amur

A kakar shekarar da idanun Zinaida, wadda muke kira Zina, suka rufe, ta gaya wa mijinta magana ɗaya a gabanmu, muna tonon dankali a bayan gidansu. Ta ce, "Tihon, in na shiga jirgin nan ni kaɗai, to ba zan dawo ba. Ka ji da kyau, kada ka ce ban faɗa ba." A durƙushe ta faɗa, tana lalube da yatsu cikin ƙasa mai sanyi, domin yanar da ta hau idanunta ta kai inda ba ta bambance dankali da dutse sai ta taɓa. Tihon Yegorich ya kafa shebur a ƙasa, ya yi dariya ta hanci, ya ce tun suna saurayi da budurwa take yi masa barazana. Ni maƙwabcinsu ne, shingen katako ɗaya ya raba mu. Na san muryar Zina ta faɗa, na san ta wasa. Wannan ba ko ɗaya ba ce.

Jirgin da take nufi shi ne jirgin fito da ke tashi daga garin gundumarmu zuwa garin Sinawa na tsallake, inda 'yarsu Lida take aure. Lida ta samo likitan da ke cire yanar ido a safiya guda. A wajenmu kuwa, ɗakin shan magani na ƙauye an daɗe da mai da shi rumbun waken soya, likitan ido na gunduma ya tattara ya koma yamma, a babban birni kuma an sa sunan Zina a layin da aka ce zai iso kanta baɗi, in da rai. Ga kogi ba ya jira. Da sanyi ya kama, ruwan Amur yakan fara kauri kamar kunu, a janye jirage kan tudu, ba mai tsallakawa sai tsakiyar hunturu, lokacin da ƙanƙara ta yi ƙarfin ɗaukar mota. Zina tana da fasfo tun haihuwar jikanta na fari, ko da yake ba ta taɓa amfani da shi ba. Tihon ba shi da shi. Ita kuma tsoro take ji, ba na likita ba, na shiga ƙasar mutane a makance ba tare da hannun da ta sani a cikin nata ba.

An haifi Tihon a ƙarshen babban yaƙi, ubansa bai dawo ya gan shi ba. Ya taso a gonar gama-kai ta gwamnati kamar mu duka, ya hau tarakta tun gashin baki bai fito masa ba. Dogo ne mai nauyin baki, irin wanda in ya ce zai zo gyaran rijiya ranar Talata, ko rasuwa aka yi a gidansa zai zo. Bai daɗe da auren Zina ba manyanmu da manyan Sin suka ɓata. Jiya-jiya muna rera waƙar 'yan'uwantaka a makaranta, sai aka wayi gari sojojinsu da namu suna harbin juna a kan ƙanƙarar wani tsibiri can gabas da mu. Ba wanda ya tambaye mu. Tuta ja a nan, tuta ja a can, littafi ɗaya suke rantsuwa da shi, kowanne yana cewa ɗayan ne ya yi ridda. Aka cika ƙauyenmu da sojoji, aka ja waya mai ƙaya tsakaninmu da ruwa. Daga tsallake lasifika tana zaginmu da Rashanci mai kyau wanda ya fi na shugaban gonarmu, tamu tana mayar mata da kiɗan soja. Yaran da aka haifa a lokacin sun girma a bakin ƙaton kogi ba su iya iyo ba.

A bayan wayar akwai wani zirin ƙasa mai faɗin titi da ya bi gaɓa har inda ido ya ƙare. Dole kullum ya kasance a nome, a lallaushe, a taje kamar kan amarya, don ko ɓera ya tsallaka a ga sawunsa. Kyaftin ɗin sansanin sojojin ya nemi direban tarakta wanda ba ya sha, ba ya surutu. Duk ƙauyen mutum ɗaya ne. Ya kira Tihon ofis, ya tsayar da shi ƙarƙashin hoton shugaba, ya ce duk abin da zai gani a bayan waya sirrin ƙasa ne: ba zai gaya wa mata ba, ba zai gaya wa uwa ba, ba zai yi magana da baƙon ƙasa ba, da shi zai shiga kabari. Tihon ya rantse. Na ga fitowarsa ranar, fuskarsa tana haske. Maraya ne, ga shi ƙasa ta kira shi da sunansa.

Abin da ya gani a can, yau kowa na iya zuwa ya duba. Sauro ne, da itatuwan bakin ruwa, da sawun barewa. Daga kan tudun makaranta mukan hango shi da sassafe, tarakta tana jan haro mai haƙoran ƙarfe cikin tururin kogi, tsuntsaye suna biye. Inda tarakta ba ta shiga, a kwazazzabai, sai ya sauka ya ɗauki manjagara, ya yi ta tafiya da baya yana taje ƙasa, yana share sawun kansa. Ya fi shekara ashirin a haka. Ƙasar da ta tura mutum sararin samaniya, aikin da ta samo wa ɗanta mafi gaskiya ke nan, ya yi ta tafiya da baya.

Zina, wadda take tatsar shanun gona, takan zolaye shi a kan abinci. "Yau kuma me ka gano, mai gadin duniya?" Sai ya ce, "Miyar nan ta yi gishiri."

A lokacin, tsallake ba komai ba ne sai ɗakunan laka da hayaƙi. Mukan ga matansu suna bugun wanki a kan duwatsu, mu ji tausayinsu irin na wanda ya ƙoshi.

Sai ƙasarmu ta faɗi. Ba yaƙi aka yi ba, ba wanda ya tsallako, ko sawu ɗaya bai fito a kan zirin Tihon ba. Daga ciki aka cinye ta. Arkadi Fomich, sakataren jam'iyya na gonarmu, wanda ya yi shekaru yana tara mu a ɗakin taro yana nuna tsallake da yatsa yana cewa maƙiyi ba ya barci, shi ne na farko da ya loda taraktocin gona a jirgin ruwa na kaya ya sayar wa maƙiyin a matsayin tsohon ƙarfe. Ta Tihon tana ciki, injinta lafiya lau. Shanun Zina aka yanka su a hunturu ɗaya. Sojoji suka ragu, waɗanda suka rage suna sayar da takalmansu don su sayi taba. Ciyawa da tazargade suka rufe zirin. A tsallake kuwa, muna kallo, bene ya hau kan bene. Su ba su sauke tutarsu ba, ba su cire hoton shugabansu ba, shaguna kawai suka buɗe a ƙarƙashinsa. Mu aka ce mana mun sami 'yanci, muka duba hannunmu muka ga ko ƙusa ba mu iya ƙerawa. Butar shayin da ke gidana tasu ce, rigar sanyin da ke jikina tasu ce, waken da ke gonar kakannina nasu ne tun yana fure. Ban ga laifinsu ba. Sun sayi abin da aka kai musu.

Lida, da ta karanta lissafi don ta koyar, ta koma ɗaukar manyan jakunkunan leda tana fito da kaya, kamar rabin matan gundumar. A nan ta koyi harshensu, a nan ta haɗu da Fan Wenbo mai sayar da kayan gyaran tarakta, wanda muke kira Banya don bakinmu ya huta. A ƙauye aka yi bikin. Uban ango, ɗan siririn tsoho mai yawan dariya, da ya ji aikin da Tihon ya yi, sai ya buga cinya ya sa Lida ta fassara. Ya ce yana saurayi shi ma an kwantar da shi a rami a bakin kogi da bindigar da ba harsashi, kullum da asuba in suka ji rurin inji daga wajenmu sai su ce tankokin Rasha sun taso. "Ashe kai ne ka hana ni barci," in ji shi, ya miƙo kofin barasa da hannu biyu. Tihon ya dubi kofin, ya miƙe, ya fita zuwa ɗakin akuya. Baƙon ƙasa ne, kuma maganar bayan waya ce. Tsohon ya tsaya da kofi a hannu a gaban jama'a, sai Zina ce ta karɓa ta shanye, ita da ba ta sha.

To wannan mutumin ne ya sa rigarsa ta zuwa biki, 'yan kwanaki bayan tonon dankali, ya tafi ofishin fasfo na gunduma. Ni na kai shi a tsohuwar motata. Ya yarda zai tsallaka, don Zina, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Mai aikin wurin, Nelli Pablobna, ta san kowa, kuma ita take cike wa tsofaffi takarda don rubutun ƙanana ne. Tana tambaya tana rubutawa ba ta ɗago kai. Suna, shekarar haihuwa, aiki. "Ka taɓa riƙe sirrin ƙasa? A'a," ta ba kanta amsa, hannunta ya riga ya tafi.

"E," in ji Tihon.

Ta ɗago. "Me ka ce, Baba Tihon?"

"Na ce e."

"Tarakta fa ka tuƙa."

"A bayan waya."

"Bayan wayar nan yanzu akuyar surukata ke kiwo. Ko ita ma in rubuta mata e?"

"Na rantse."

Nelli ta ajiye biro. "Wa ka rantse wa? Ƙasar da ka rantse wa ta rasu, ina guga na ga an sauke tutarta a talabijin. Ka saurare ni, Baba. In ka ce a'a, kafin jirgi ya tsaya fasfonka ya fito. In ka ce e, dole in aika tambaya birni, birni su aika Mosko, su kuma can sai sun gama shan shayi. Kogi zai daskare kana nan."

A bayanmu a layi akwai Arkadi Fomich cikin rigar fata, ya zo sabunta nasa, don duk mako yana tsallakawa kan harkar katako. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yegorich, ashe kai ka ƙera mana bam ɗin nukiliya muna nan ba mu sani ba." Layi ya fashe da dariya. "Ni da na zauna a tarukan da ake kulle ƙofa, a'a na ce. Kanar na sansani ma a'a ya ce, yanzu haka yana can tsallake ana sa masa haƙora."

Tihon bai waiwaya ba. "Kai ai ka saba," ya ce.

Dariyar ta koma kan Arkadi, ya yi kamar yana duba wayarsa. Nelli ta yi ajiyar zuciya ta rubuta e. Amma mace ce mai imani. Ta ce ba za ta aika ba sai ƙarshen mako, in ya sake tunani ya dawo, ta yaga ta rubuta sabuwa.

Makon nan na ji komai, don shingenmu ba ya riƙe magana. Ranar Laraba da hantsi na shiga aron gatari na tarar da su a kicin, Zina tana yanka kabeji da lalube, wuƙa tana wucewa dab da yatsunta.

"Kalma ɗaya, Tisha," take cewa. Haka take kiransa in tana lallashi. "'Yar ƙaramar kalma. Duk gundumar nan sun faɗe ta, ba wanda harshensa ya zube."

"Ƙarya ce."

"To ka yi ƙarya. Sau ɗaya a rayuwarka ka yi ƙarya saboda ni, in ji yadda take."

"In na ce a'a, me na yi a can duk shekarun nan?"

"Shara ka yi."

Ta ajiye wuƙar.

"Ni kuma me na yi a nan?" in ji ta. "Kana can kana taje wa gwamnati kai, ni na haifi Lida a bayan motar madara. Ban taɓa ce maka ka zaɓa ba. Yau na ce."

"A jira amsa. In sun sake ni, mu tafi tare a kan ƙanƙara."

"Su wa za su sake ka? Wa ya riƙe ka? Nuna mini shi in roƙe shi da kaina." Ta juyo da fararen idanunta wajen ƙofa, inda ta ji numfashina. "Maƙwabci, kai da ka yi karatu, gaya masa."

Na gaya masa. Na ce rantsuwa tsakanin biyu ce, in ɗaya ya tattara ya gudu da kayan gida, ɗayan ya kuɓuta. Ya saurare ni har ƙarshe, da ladabi, sannan ya miƙo mini gatarin. Ranar Juma'a ta zo ta wuce bai koma wurin Nelli ba.

Jirgin ƙarshe ya tashi da safe, ƙanƙara ta fara cin gefen ruwa kamar farin leshi. Lida ba ta iya zuwa ɗaukar uwarta ba, tana da tsohon ciki, sai dai ta jira a ɗaya gaɓar. Tashar cike take da mata 'yan fito da jakunkunansu a naɗe, suna ture-ture suna zagin juna. Tihon ya riƙe Zina da hannu ɗaya, jakarta a ɗayan, har ƙofar da ba a wucewa sai da fasfo. A nan ya tsaya. Wata ƙatuwar mata mai muryar taba ta dube su ta gane.

"Kawo hannu, Kaka, ni zan kai ki. Shi wannan fa, tsoron ruwa yake?"

"Sirri yake gadi," in ji Zina.

Ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta sa a na matar. Ba ta yi masa sallama ba. Abin da ta ce kawai, a tatse akuya da wuri, ba ta son jira. Muka tsaya muna kallonta tana hawa matakalar ƙarfe, tana laluben kowace da ƙafa, baƙuwa tana ce mata ɗaga, ɗaga kuma. Tihon bai motsa ba har jirgin ya kai tsakiya. Bayan kwana kaɗan kogi ya rufe.

Lida ta bugo waya ta ce an yi aikin, ya yi kyau, fuskar jaririyar da ta haifa ce abu na farko da uwarta ta gani sosai. Tihon ya ce a ba shi Zina. Lida ta ce, "Baba, tana hutawa." Kullum tana hutawa. Hunturun nan hayaƙin gidansa ba ya tashi sai rana ta yi nisa. Yakan tsaya a ƙarshen lambu cikin dusar ƙanƙara har gwiwa yana kallon benayen tsallake, bai san ma wanne ne nata ba.

Amsa ta zo bayan sabuwar shekara, hanyar ƙanƙara ta riga ta buɗe. Na sake kai shi. Wannan karon Nelli ba ta yi wasa ba. Ta turo masa fasfo ta ƙarƙashin gilashi, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "An duba, Baba. Ba a sami sunanka ba."

"A ina?"

"A ko'ina. Sun ce ba ka taɓa riƙe sirri ba."

"Kyaftin ya tsayar da ni ƙarƙashin hoto."

A kan benci akwai wata tsohuwar ƙauyenmu, Dusya, da ta yi wa sansanin wanki a zamanin. Kunnenta ya yi nauyi, don haka da ƙarfi take magana. "Kyaftin mai gashin baki? Ai ni ma ya rantsar da ni, a kan wandunan sojoji. Har mai dafa musu kabeji ya rantsar. Ba ya son gulma ne kawai, bawan Allah."

Ba wanda ya yi dariya. Tihon ya ɗauki fasfon, ya sa a aljihun ƙirji, ya maɓalle, ya ce wa Nelli ya gode.

Ni ne na kasa tuƙi, sai da na tsaya a gefen hanya. Sun karɓi ƙuruciyar mutum, sun karɓi bakinsa, sun sa ya kunyata surukinsa a ranar auren 'yarsa, sun sa ya saki hannun makauniyar matarsa a bakin ruwa, kuma ko a gefen takarda ba su rubuta sunansa ba. Waɗanda suka ƙirƙiro maƙiyin sun yi sulhu da shi, sun rungumi juna a talabijin, sun raba tsibiran da aka mutu a kansu, suna sayar wa juna mai da katako. Ba wanda ya tuna ya aiko ƙauye ya ce wa mai manjagara, ya isa haka, koma gida. Kuma shi ma ina fushi da shi. Wanda ya ƙi yi wa matacciyar gwamnati ƙarya ya bar rayayyiyar mace ta hau matakala a makance, ban san sunan da zan kira gaskiyarsa ba.

Muka tsallaka tare, don bai san hanya ba, ni kuwa na sha zuwa wurin mai haƙori. Motar fasinja tana tafiya a kan ƙanƙara ƙofarta a buɗe, saboda in ta fashe a samu a yi tsalle. Kafin sanyi ya gama ratsa takalmanmu mun isa. Banya ya tarbe mu, ya karɓi hular surukinsa da hannu biyu, ya sa mu a na'urar hawa bene. Gidan da ɗumi har a tafin ƙafa. Zina tana zaune bakin taga da jaririya a cinya. Ta rage gashinta, tana sanye da jar rigar ulu, idanunta sun dawo masu ruwan toka kamar yadda na san su muna yara.

Ta daɗe tana kallonsa. "Ashe haka ka tsufa," ta ce.

"Ke ma."

"Ni na ga kaina tun watan jiya, na gama kukana. Zauna, ka rame. Wa ya ɗinke maka maɓallin nan da baƙin zare?"

Lida ta kawo abinci, 'yan ƙullin fulawa da nama suna tururi. Ya ci kaɗan. Sannan ya ajiye cokali ya ce, "Na zo in tafi da ke gida. An ba ni fasfo."

"An ba ka. Sun yarda ka zo wurin matarka."

"Sun ce babu sunana, Zina. Ba wani sirri. Ba a taɓa yi ba."

Na zaci za ta yi masa dariya, ko ta ce ai ta faɗa. Sai ta miƙa wa Lida jaririyar, ta gyara zama.

"Na sani," ta ce. "Tun makon da ka rantse na sani. Dusya ta ba mu labari a wurin tatsa, mata suka yi ta dariya har madara ta zube. Na ce duk wadda ta bari ya kai kunnenka, ni da ita ne. Na ga yadda kake tafiya a lokacin, kamar an ƙara maka tsawo. Na ce a bar masa."

Tihon ya ce, "To da kaka, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa da ka biyo ni, don ba abin da ya rage ya riƙe ka. Wannan ai ba zaɓi ba ne. So na yi ka ɗora ni a sikeli da abinka, yana da nauyinsa yadda ka ɗauke shi, in ga inda zai rinjaya. Na gani. Da makantata ma na gani."

"Mama," in ji Lida.

"Bar ni, ban ɗaga murya ba." Ta juya wurinsa. "Ba korarka nake ba, tsoho. Ga gado nan, Banya yaron kirki ne, ubansa ma ya ce in ka zo yana nan da kofinsa. Ka zauna in kana so. Da yamma ina fita dandali da tsofaffin matan unguwa muna rawa, ba na jin abin da suke cewa, ba sa jin nawa, lafiya lau muke. Amma ba zan koma gidan can ba. Matakalar jirgin nan, kowace ɗaya na taka sai na ce yanzu zai kira sunana."

Ya zauna hannuwansa a kan gwiwa, manyan hannuwa masu tsagewa, a ɗakin da komai nasa sumul ne. Can ya ce murhu zai mutu, gida zai daskare, kuma ya bar akuya a hannun mutane. Zina ta ce haka ne. Ta tashi da kanta ta zuba masa sauran abincin a roba, ta naɗe da tawul don kada ya huce, ta cire maɓallin nan ta sake ɗinke shi da farin zare, ta zura allurar ba tare da ta nemi taimako ba. Muka bi motar la'asar muka dawo.

Shekaru sun wuce, Zina ba ta dawo ba. Takan bugo ranar Lahadi ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jini, in ya ce e sai ta ba jikoki wayar. Shi kuma yakan tsallaka jefi-jefi, ya zauna, ya ci abinci, ya dawo a ranar. Ya kasa kwana a can, ita ta ƙi kwana a nan.

Shekaranjiya da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ya tsaya a bakin kicin da hula a hannu, mutum mai shekara kusan tamanin, yana tambayar matata yadda ake miyar kabeji kada ta yi ɗaci. Ya ce tasa kullum da ɗaci take fitowa. Matata ta zaunar da shi ta fara masa bayani tun daga albasa, ni kuma na fita waje na kama faskare, itacen da ba ma bukata.